Swarm: Sharhi a Kan Shirin da Ya Ɓoye 'Yar Riƙo a Bayan Masoyiyar Mawaƙiya

Swarm shiri ne mai kashi bakwai da manhajar Prime Video ta kamfanin Amazon ta saki a lokaci guda ranar 17 ga Maris, 2023. Kowane kashi yana ɗaukar kimanin rabin awa, don haka mai ƙarfin zuciya zai iya gama shi a yammaci ɗaya, ko da yake ba zan ba kowa shawarar yin hakan ba. Janine Nabers, marubuciya 'yar asalin birnin Houston da ke jihar Texas a Amurka, da Donald Glover, wanda masu sauraron waƙa suka fi sani da Childish Gambino, su ne suka ƙirƙiro shi, kuma an tallata shi a matsayin labarin budurwar da son wata mawaƙiya ya rufe wa ido har ta shiga kashe duk wanda ya kushe gwanarta. Tallar ba ta yi ƙarya ba, sai dai ta tsallake abin da ya fi nauyi a labarin, wato asirin wani gida da ya ɗauki yarinya riƙo, ya mayar da ita hannun hukuma, sannan ya ci gaba da rayuwa kamar ba a taɓa yin ta ba. Wanda bai kalli shirin ba ya sani cewa ba a iya auna shi ba tare da an tona wannan asiri ba, saboda haka sharhin nan zai bayyana har yadda labarin ya ƙare.

Al'amarin ya fara ne a Houston cikin watan Afrilun 2016. Andrea Greene, wadda kowa ke kira Dre, tana zaune a gidan haya tare da Marissa Jackson, wadda take kira 'yar'uwarta, kuma Marissa ce ke ɗauke da yawancin nauyin zaman daga abin da take samu a wata rumfar sayar da riguna da kuma sana'ar kwalliyar da take son ta ginu a kanta. Dre ba ta da kuɗin haya, amma ta buɗe sabon katin cin bashi ta sayi tikitin dala 1,800 domin ta kai Marissa wasan mawaƙiya Ni'Jah a matsayin kyautar zagayowar ranar haihuwarta. Marissa kuwa ta girma ta wuce wannan shauƙi na yarinta, hankalinta yana kan saurayinta Khalid da shirin komawa gidansa. A daren da Ni'Jah ta saki sabon kundin waƙoƙi ba tare da sanarwa ba, Dre ta fita gidan rawa cikin murna, wayarta ba ta hannunta, Marissa kuma ta gano cin amanar da Khalid ke yi mata, ta yi ta kiran Dre ba a ɗauka ba, kafin gari ya waye ta kashe kanta. Da Dre ta je wurin jana'iza, aka tare ta aka ce iyalin mamaciyar ba sa son ganin ta. A wannan lokaci mai kallo bai san dalili ba, kuma shirin bai damu ya gaya masa ba. Daga nan ta wuce gidan Khalid, ya karɓe ta yana ƙoƙarin haɗa mata shayi, ta ɗauki wata fitilar ado da aka yi da dutsen gishiri ta rotse masa kai, sannan ta buɗe firij ta shiga cin kek da hannu, jini bai bushe a jikinta ba.

Kashin farkon nan, wanda Glover ya ba da umarninsa da kansa, shi ne mafi tsari a cikin bakwai ɗin, kuma rubutunsa ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa domin takarar Emmy ta 2023, babbar kyautar shirye-shiryen talabijin a Amurka. Akwai ƙarar ƙudan zuma da ke tasowa a hankali duk lokacin da ran Dre ya fara ɓaci, kuma kafin a kai kashi na uku kunnen mai kallo ya riga ya koyi tsoronta. Akwai kuma tambayar da take yi wa mutane da murya marar laka, cewa wane ne mawaƙin da suka fi so, wadda amsarta ke raba mai rai da gawa.

Kusan kowane kashi yana buɗewa da sanarwar da ke juya wadda aka saba gani a fina-finai, inda take cewa labarin ba ƙirƙira ba ne, kuma duk kamannin da aka gani da mutane ko abubuwan da suka faru da gangan aka yi shi. Ba a ɓoye wa kowa cewa Ni'Jah inuwar Beyoncé ce ba: 'yar Houston ce, mijinta mawaƙin gambarar zamani ne, ta haifi tagwaye, kuma masoyanta sun ɗauki ƙudan zuma a matsayin tambarinsu a intanet. Kundin da ya fito a daren mutuwar Marissa yana nuni ne ga Lemonade, kundin Beyoncé wanda ya fito ranar 23 ga Afrilu, 2016, kuma Nabers ta bayyana cewa tushen labarin wata jita-jita ce da ta yaɗu a Twitter a wancan lokaci game da wata mata mai suna Marissa Jackson da aka ce ta kashe kanta bayan fitowar kundin. Cizon da Dre ta yi wa Ni'Jah a fuska a wata liyafa ya samo asali daga labarin da 'yar wasan barkwanci Tiffany Haddish ta bayar a 2018 cewa wata ta ciji Beyoncé a wurin taro, haka nan hawan da ta yi kan dandamali a ƙarshe ya yi daidai da abin da wani mutum ya yi a Atlanta cikin watan Agustan wannan shekara yayin wasan Beyoncé da Jay-Z. Wanda ya bi waɗannan al'amura a lokacinsu zai ji daɗin gano su ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai bi su ba bai yi asarar wani abin kirki ba, domin ado ne kawai aka yi wa labarin da su.

Abin da ke riƙe da shirin tun daga farko har ƙarshe shi ne wasan Dominique Fishback. An fara tuntuɓar ta ne domin ta fito a matsayin Marissa, ita kuma ta nemi a ba ta Dre, sai matsayin Marissa ya koma hannun mawaƙiya Chloe Bailey. Dre ba ta da yawan magana, saboda haka jiki ne ke yin aikin: tafiyar da take yi a sandare kamar wadda ba ta saba da ƙafafunta ba, kallon da take kafa wa mutum fiye da yadda ya kamata, murmushin da take ƙaƙalowa a makare bayan ta lura cewa sauran mutane sun yi dariya. A kowane gari takan sauya suna da kama, ta zama Carmen a wani gidan rawa a Tennessee, ta zama Kayla a hanyarta ta zuwa bikin waƙoƙi na Bonnaroo, ta zama Tony mai askakken kai a Atlanta, amma mai kallo ba ya taɓa rasa ganin yarinyar da ke ƙarƙashin kowace riga. An sa sunanta a takarar Emmy ta gwarzuwar jaruma, kuma a ganina ta cancanci fiye da shiga takara. Damson Idris, ɗan Landan mai asali daga Najeriya, ya yi abin da ake bukata a ɗan lokacin da aka ba Khalid, ya fito da saurayi mai daɗin baki wanda ke da laifi amma laifinsa bai kai na kisa ba.

Rauni yana farawa ne daga kashi na biyu zuwa na huɗu. Tsarin ɗaya ne: Dre ta isa sabon gari, ta haɗu da mutanen da suka buɗe mata zuciya, wani ya faɗi kalmar ɓatanci a kan Ni'Jah ko ya tsaya tsakaninta da ita, ta kashe, ta ci kayan ƙwalama, ta ɗauki mota ta wuce. Paris Jackson da sauran baƙin jarumai sun kawo raha, kuma akwai barkwanci mai ɗaci da ke aiki sosai, amma kisan yana zama abin da ake jira maimakon abin da ake tsoro. Abin da ya ceci wannan tsakiya shi ne zama guda a kashi na huɗu, inda mawaƙiya Billie Eilish, a fitowarta ta farko a matsayin 'yar wasa, ta zama Eva, shugabar wata ƙungiyar mata da aka gina a kan misalin NXIVM, wata ƙungiyar Amurka mai juya tunanin mabiyanta da aka ɗaure jagoranta Keith Raniere shekara 120 a 2020. Eva ta zaunar da Dre tana ƙyasta yatsu tana maimaita tambayar sunanta, har sunan ƙarya ya faɗi na gaskiya ya fito, sannan ta ja ta zuwa wata rana a gidan kakarta da ta ce ta zubar da madara. Da aka tambaye ta launin madarar, sai ta ce ja ce. Daga wannan amsa mai kallo ke fara fahimtar cewa jini ya riga Ni'Jah shiga rayuwar Dre.

Kashi na biyar, wanda Nabers ta rubuta tare da Malia Obama, 'yar tsohon shugaban Amurka Barack Obama, shi ne inda na ga shirin ya daina wasa da mai kallo ya fuskanci abin da ya zo faɗa. Tun bayan mutuwar Marissa, Dre tana riƙe da wayarta, tana aika wa kanta saƙo da ita tana amsawa, domin kada hirar da ke tsakaninsu ta yanke. Da aka rufe layin, sai ta koma Houston, ta je shagon waya aka ce mai asusun ne kaɗai zai iya buɗe shi, mai asusun kuwa shi ne Harris Jackson, mahaifin Marissa. Ta haura gidan da ta taɓa kwana a ciki tana yarinya, ta bi ɗakuna tana taɓa kayan da ta sani, ta tsare uwar gidan Patricia da bindiga, kuma duk abin da take nema da wannan bindiga shi ne a sake buɗe layin wayar mamaciya. Babu Ni'Jah a wannan buƙata ko kaɗan. Harris ya fito da tasa bindigar yana tuna mata cewa a Texas suke, ya bi ta har ɗakin Marissa yana ɗora mata alhakin mutuwar 'yarsa, ta tsira ta taga. Yadda mutumin nan ke magana da ita, babu ko ɗigon sabo a muryarsa, ya fi duk kashe-kashen da suka gabata tayar da hankali, domin a nan ne ake gane cewa 'yan'uwantakar da Dre ta gina rayuwarta a kai ba ta da shaida a wurin kowa sai Marissa, Marissa kuma tana kabari.

Sai kashi na shida ya zo da wata dabara: ya sauya kama ya zama shirin bin diddigin laifuka irin wanda ake nunawa a talabijin, da wasu 'yan wasa daban a matsayin mutanen da aka ce su ne na ainihi, ana kuma toshe sunan mawaƙiyar duk lokacin da aka ambace shi. Jagorar binciken ita ce Loretta Greene, jami'ar 'yan sanda a Memphis, wadda Heather Simms ta fito a matsayinta da raha da kaifin basira. Ita ce ta lura da ragowar kayan ƙwalama a wuraren da aka yi kisan, ta kuma yi zargin cewa mai kisan baƙar mace ce, abin da abokan aikinta ba su kawo a ransu ba. Ta bakin waɗanda ta yi hira da su ne asirin ya fito: iyalin Jackson sun ɗauki Andrea riƙo, ta shaƙu da Marissa fiye da kima, wata rana da ƙawaye suka taru kwana a gidan ta daɓa wa ɗaya daga cikinsu makami a wuya, daga nan aka mayar da ita hannun hukuma kamar kayan aro.

Mai karatu Bahaushe ya san riƙo, amma wanda ya sani ya bambanta da wannan. A wurinmu yawanci goggo ko kawu ko kaka ke ɗaukar yaro, kuma ko zaman ya ɓaci akwai dangin da za a koma wurinsu, akwai kuma bakin mutane da ake jin kunya. A Amurka hukuma ce ke damƙa yaron a hannun mutanen da sau da yawa ba su haɗa jini da shi ba, tana biyan su kuɗin kula da shi duk wata, kuma suna da damar cewa sun fasa. A shekarun da labarin ya faru, daga 2016 zuwa 2018, yara fiye da 400,000 ne ke cikin wannan tsari, kuma kusan kashi 23 cikin ɗari daga cikinsu baƙaƙe ne, alhali baƙaƙen yara ba su wuce kusan kashi 14 cikin ɗari na yaran ƙasar ba. Idan aka sa wannan a rai, kalaman da Ni'Jah ke yi wa masoyanta a matsayin iyali guda suna ɗaukar wata ma'ana dabam a kunnen Dre, domin wannan ne kaɗai gidan da ba a iya korar mutum daga cikinsa muddin yana da waya da data.

A nan ne kuma nake da babban ƙorafina. Cikin waɗanda Loretta ta je wurinsu akwai ma'aikaciyar walwalar yara da ta taɓa riƙe fayil ɗin Andrea, wadda ta ƙi ba da labarin abin da ya sami yarinyar kafin ta zo gidan Jackson, tana mai cewa masu tambayar suna neman labari mai ban tausayi ne kawai domin su wanke kansu su huta. Magana ce mai ƙarfi, kuma da mai kallo ake yi. Sai dai marubutan sun ci riba biyu da ita: sun ajiye asirin har kashi na shida domin ya riƙe mu, da muka iso kuma suka tsawata mana a kan son sani. Ba na neman a wanke Dre, mutanen da ta kashe ba su yi abin da ya kai haka ba, amma akwai bambanci tsakanin wanke mai laifi da barin mai kallo ya zauna da ita a matsayin mutum. Glover ya faɗa a wata hira da mujallar Vulture cewa ya nemi Fishback ta ɗauki Dre a matsayin dabba fiye da mutum, maganar da ta jawo masa suka mai yawa, kuma ana ganin tasirin wannan umarni daga kashi na biyu zuwa na huɗu. Duk mutuntakar da Dre ta samu, jarumar ce ta shigo da ita da kanta, wani lokaci ma kamar tana ja da rubutun da aka ba ta.

Ta ɓangaren son mawaƙa ma shirin bai zurfafa yadda sunansa, Swarm, wato taron ƙudan zuma, ya yi alkawari ba. Taron masoyan Ni'Jah ba ya bayyana sai a matsayin saƙonni da ke gudu a fuskar waya, ba mu ga yadda suke haɗuwa ba, ko yadda suke tara kuɗi, ko yadda wani ke zama babba a cikinsu, ko daɗin da ke sa mai hankali ya kwana yana kare mutumin da bai san da zamansa ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda magoya bayan mawaƙa biyu ko jarumai biyu ke yi wa juna ruwan zagi a Facebook ya san cewa abin na taro ne, kowa yana ƙara wa ɗan'uwansa zafi, Dre kuwa ita kaɗai take aikinta. Tarihi ma ya nuna cewa haɗarin irin wannan so yakan faɗa kan wanda ake so ɗin ne: wanda ya harbe mawaƙi John Lennon a 1980 ya karɓi sa hannunsa a kan faifai sa'o'i kaɗan kafin nan, kuma wadda ta kashe mawaƙiya Selena a Corpus Christi ta jihar Texas a 1995 ita ce ta kafa ƙungiyar masoyanta. Shirin ya kauce wa wannan hanya, wataƙila saboda kusancin Ni'Jah da mace mai rai, sai ya bar mawaƙiyar a matsayin hoto mai sheƙi. Waƙoƙin da aka yi mata, waɗanda mawaƙiya Kirby ta rera, suna da daɗi, amma gutsattsari ake ji, ba su isa su sa mai kallo ya ɗanɗani abin da Dre ke ji ba.

Kashi na ƙarshe ya kai mu Atlanta a 2018, inda Dre, da sunan Tony, ta samu abin da ya yi kama da zaman lafiya tare da wata ɗaliba mai suna Rashida, wadda iyayenta suka karɓe ta hannu bibbiyu a teburin cin abinci, irin karɓar da ba ta samu a gidan Jackson ba. Rashida ba ta son Ni'Jah, ta kuma faɗa tun farko. Da Dre ta kwashe kuɗin haya ta sayi tikiti, rigima ta tashi, ta shaƙe ta tana kuka, ta ƙone gawar, sannan ta tuna cewa tikitin yana aljihun wadda ta ƙone. Wannan shi ne kisan da ya fi ciwo a shirin domin shi kaɗai aka bar mu muka san wadda aka kashe. Abin da ya biyo baya, inda Dre ta hau dandamali Ni'Jah ta rungume ta da fuskar Marissa, mafarki ne, tunda kashi na shida ya riga ya nuna cewa an kama ta a wurin. Sauya fuskar da aka yi da kwamfuta bai fito da kyau ba, kuma ya faɗi a fili abin da mai lura ya gane tun a gidan Harris.

Game da wanda ya kamata ya kalla, shirin na manya ne ba tare da wata tantama ba. Akwai tsiraici da saduwa tun a mintunan farko, akwai gidan rawar tsiraici a kashi na biyu, akwai soyayya tsakanin mata biyu a kashi na bakwai, ga zagi da jini da batun kashe kai, don haka ba abin da za a kunna a falo ba ne, kuma wanda ya taɓa rasa wani ta wannan hanya gara ya bar shi. Turancin da ake yi na baƙaƙen kudancin Amurka ne, mai sauri da cike da salon maganar intanet, saboda haka kunna rubutun ƙasan allo yana taimakawa ko ga wanda ya iya Turanci sosai, musamman da yake wani ɓangare na labarin a cikin saƙonnin waya yake gudana, kuma a ƙaramin allo suna wuyar karantawa. Manhajar tana ba da damar sauke duka kashi bakwai ɗin a ajiye, wanda ya fi sauƙi ga mai lissafin data, tunda duka shirin bai kai awa huɗu ba. Yawancin fitowar an ɗauke su ne da dare ko a ɗakuna masu ƙarancin haske, don haka idan aka rage ingancin hoto sosai domin tsimin data, fuskar Fishback ce ke fara ɓacewa, ita kuwa ce ake biyan kuɗin domin a gani.